Kiyasin Malam Khalilu

In ka cire masu tallar maganin basir a tashar Kontagora, babu wanda "kamar yadda" ta zauna wa a baki irin Malam Khalilu na kwalejin horon malamai. Ko tashin kuɗin fetur zai gaya maka, sai ya nemo maka abin da ya yi kama da shi tukuna. Ɗalibai kuwa, da yake ba su da aikin da ya wuce sa ido, suka laƙaba masa Malam Kamar-yadda. Ya sani, bai damu ba. Falsafa yake koyarwa, darasin da rabin ajin suka ɗauka don an ce ba a faɗuwa, sauran rabin kuma don ɗakin yana da fanka.

Ta wani ɓangaren gadon abin ya yi. Mahaifinsa, marigayi Malam Mahmudu, malamin zaure ne a cikin gari. In aka kawo masa mas'alar da babu ita a littafi, sai ya lalubo 'yar'uwarta da ke ciki, ya auna wannan da waccan, ya ce ga hukunci. Kiyasi ke nan. Da Khalilu ya je jami'a sai ya ci karo a takarda da wani Bajamushe, wanda ya mutu tun kafin a sari dajin da ya zama Kontagora, ya ji mutumin yana faɗin abin da ya daɗe yana ci masa rai. Wai hankalin ɗan Adam yana da katanga. Duk abin da ido bai gani ba, kunne bai ji ba, hannu bai taɓa ba, yana bayan katangar nan, kuma ba mai tsawon da zai leƙa. Iyakar abin da mutum zai iya shi ne ya tsaya daga ciki ya ce, yadda wannan yake ga wannan, haka wancan yake ga abin da ban sani ba.

"In muka ce Ubangiji yana jin ƙan bayinsa kamar yadda uwa take jin ƙan ɗanta," yakan ce a aji, yana shafe ƙurar alli a gefen rigarsa, "ba cewa muka yi ya yi kama da uwa ba, subhanallahi. Alaƙa muka auna da alaƙa. Abu uku a hannunmu, na huɗu a ɓoye. Da ukun nan muke nuna inda na huɗun yake."

Ɗalibai su rubuta, su yi hamma, su dubi agogo. Ba wanda ya san cewa rabin maganar Malam ba a kan gaibu take ba. A kan wata tsohuwa take, mai ƙulla daddawa a wani gida bayan kasuwa.

Adda ake ce mata. Ita ta haife shi, shi ne ɗanta na fari, kuma ga shi ya doshi arba'in bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Wannan ba abin a-zo-a-gani ba ne a gidajen malamai irin nasu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama su yi hira. Ranar da aka yaye shi, ranar aka ɗora shi a bayan ƙanwar ubansa, Gwaggo Ruka, mai sayar da busasshen kifi a Auna. Can ya yi wayo, can ya gama firamare, sai da za shi sakandare ya dawo gidan ubansa. Ya tarar Adda ta haifi Haliru. Tana cuɗa masa ƙafa da dutse, tana zaginsa da ƙaton kai, tana tura masa ƙosai a baki. Shi kuwa in ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. In abinci ne sai ta ce, "A miƙa wa ɗan Ruka." Da ya zama malamin kwaleji ta ƙara masa girma, ya koma "Malamin Ruka".

Kowa ya ce kunya ce. Shi ma ya ce kunya ce. Sai dai Khalilu ba ya karɓar magana ba hujja, don haka ya shiga tara hujja tun yana saurayi. Akwai maƙwabciyarsu Na'inna, wadda in ɗanta na fari ya shigo ta wannan ƙofa ita ta waccan take fita. Ranar da labari ya zo cewa motar da ya shiga ta kife a hanyar Bangi, Na'inna ta fito titi ba mayafi ba takalmi, tana ƙwala kiran sunansa har muryarta ta dushe. Da yaron ya iso da ƙafarsa, don ashe wata motar ya shiga, sai ta ja zane ta rufe fuska ta shige ɗaki, ta koma yadda take. Khalilu ya gani da idonsa, ya adana. Akwai wata kuma da ya taɓa kamawa tana leƙen ɗanta ta hudar zana yana cin tuwo, tana murmushi ita kaɗai. Ita ma ya adana ta.

Ga shirun Na'inna, ga ihun Na'inna, ga shirun Adda. Uku sun cika. Na huɗun ne bai taɓa gani ba, amma ya san inda yake, kuma a kan wannan sanin ya gina zamansa. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. So yake ya san ko uwarsa tana sonsa. Abin kunya ne ga mai gemu da iyali ya faɗi haka, shi ya sa ya naɗe shi cikin falsafa yana karɓar albashi a kai.

Gwaggo Ruka kuwa, wadda in ta zo daga Auna tun daga zaure take kwaɗa masa kira har kaji su watse, ta rungume shi da ƙarnin kifinta a gaban matarsa, bai taɓa sa ta a lissafi ba. A ganinsa abin da ke fili ba ya buƙatar bincike.

Mutum ɗaya ne ya taɓa girgiza masa ginin, shi ma da wasa. Filibus malamin lissafi ne, mutumin Beri, teburinsu ɗaya a ɗakin malamai. Wata rana da damina suna cin dafaffiyar gyaɗa, Khalilu ya kawo masa zancen, ya ce labarin wani mutum ne da ya sani.

Filibus ya saurara har ƙarshe, yana ɓare gyaɗa. Hausarsa tana da ɗan karin garinsu, kuma ba ta da kwana-kwana.

"Malam Khalilu, ni a wurina biyu ga huɗu kamar uku ne ga shida. Ga shida, riƙe, ƙirga. Kai kuma fa? Ba ni na huɗunka in gani."

"Ba a bayar da shi. Wurinsa ake nunawa."

"To wuri gare ka ke nan. Kana iya zuwa wurin ka tarar ba kowa."

"Wannan maganar masu lissafi ce."

"Na yarda. Mu a Beri tsohuwata in ta ji haushina duk ƙauyen sai ya sani, in ta ji daɗina ma haka. Shi wannan mutumin naka, me ya hana ya tambayi tasa?"

"Ba a tambaya."

"To." Filibus ya watsa gyaɗa a baki. "Bari in tambaye ka don in ƙaru. Wadda ke son ɗan fari a wurinku shiru take yi. Wadda ba ta sonsa fa, ita yaya take yi?"

Amsar tana nan, Khalilu ya san ta sarai. Ya dubi agogonsa ya ce yana da aji, ya kwashi littattafansa ya fita, alhali ranar ba shi da wani aji. Filibus ya manta da maganar kafin la'asar. Khalilu kuwa ya yi ta juya ta a kan babur har gida.

A daminar nan ta 1989 ƙafafun Adda suka fara kumbura, ciki ya biyo baya. Aka kwantar da ita a asibiti, aka yi ƙarin ruwa, aka yi allurai, daga bisani likita ya ja 'ya'yan gefe ya ce su koma da ita gida a ci gaba da addu'a. Duk wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan. Haliru, wanda yanzu tela ne a bakin kasuwa kuma shi ke zaune a gidan da matarsa, ya rufe shago ya zama ɗan jinya. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi take yi wa faɗa in kunu ya yi zafi.

Khalilu kullum yana tashi daga kwaleji sai gidan. Ya jingine babur a zaure, ya shigo da lemo da madara da ƙullin magani, ya zauna a dokin ƙofa.

"Adda, ya jiki?"

Ta dubi bango. "Haliru, a ce wa Malamin Ruka an gode. Allah ya yi albarka."

Haliru ya juyo ya maimaita masa, kamar ba a gabansa aka faɗa ba. Shi kuma ya ce amin.

Ya zama mai gadin alamu. Wata rana ta sha lemon da ya kawo har ɓari biyu, ya koma gida da farin ciki, har matarsa ta tambaye shi ko an biya su bashin albashi ne. Washegari ya tarar tana shan na maƙwabta da irin wannan marmarin. Wata rana ta yi tari, idonta ya faɗo kansa, ya daɗe kaɗan kafin ya wuce. Ya kwana biyu yana auna tsawon kallon. Mutum mai digiri, mai koya wa manya yadda ake tunani, ya koma yana tsintar irin wannan a ƙasa.

Tsoronsa ɗaya ne, kuma kullum ƙaruwa yake yadda jikinta ke raguwa. Kada ta tafi da na huɗun nan. Ya sa rai cewa abin da labarin haɗari ya yi wa Na'inna, kusantar mutuwa za ta yi wa Adda, kunya ta tsage ko sau ɗaya ne, ya ga abin da ke ciki. Amma ita ce mai tafiya, ba shi ba, kuma ga alama tana da niyyar tafiya a nannaɗe yadda ta zauna.

Ranar wata Talata bayan azahar aka aiko cewa Gwaggo Ruka ta sauka a tasha da kayanta. Haliru ya ari babur ɗin yayansa ya tafi ɗauko ta. Fitarsa ke da wuya hadari ya haɗo daga gabas, matar Haliru ta ruga kwashe shanya da garin da ta baza, ruwa ya tsuge ya tsare ta a madafa. Khalilu ya matso daga dokin ƙofa saboda feshi, ya saki labule. Sai ya ankara cewa tun da aka haife shi, iya saninsa, bai taɓa zama ɗaki ɗaya da uwarsa su biyu kaɗai ba.

Ruwa yana dukan kwano, ko ihu aka yi a ɗakin ba mai ji daga waje. Adda tana kwance a kan katifa a ƙasa, fuskarta a bango, ƙafafunta a kan matashi. Ɗakin yana warin man zafi da daddawa.

"Adda."

"Haliru bai dawo ba?"

"Bai dawo ba. Ni ne. Ina da tambaya."

Shi kuwa, da yake hali ba ya barin mai shi, sai ya fara ta nesa.

"Kin tuna Na'inna? Kamar yadda ta yi ranar da aka ce motar ɗanta ta kife…"

"Na'inna dama mai kwakwazo ce, Allah ya ji ƙanta."

Wannan ita ce magana ta farko da ta taɓa mayar masa kai tsaye, ba ta hannun kowa ba. Ya ajiye duk kamar-yaddansa gefe.

"Adda, da ni ne a motar fa? Da kin fito?"

Ya ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta dafa katifa, ta juyo da wuyanta a hankali, ta dube shi. Idanunta sun yi rawaya. Ta ƙare masa kallo tun daga hula har yatsun ƙafa.

"Khalilu," ta ce.

Shekara da shekaru yana jiran wannan. Ya sha raya yadda zai fito, da rawar murya, da hawaye, da kau da kai. Sai ga shi ya fito sumul, ba gargada, yadda take kiran mai ruwa in ya wuce ƙofar gida. Tun daga nan jikinsa ya yi sanyi.

"Khalilu, kai malami ne, ni kuma ƙafata ɗaya tana kabari. Tunda ka tambaya, ba zan tafi da ƙarya a bakina ba." Ta huta. "Ranar da Ruka ta goya ka, na bi ku da ido ta hudar katanga har kuka sha kwanar masallaci. Ba a kuka, ban yi a fili ba. A madafa nake yi, in ce hayaƙi ne. Nono ya cika ya yi dutse, na yi zazzaɓi, ba wanda na gaya wa. In na ji kukan jaririn maƙwabta sai zanena ya jiƙe. Ubanku ya ce in yi haƙuri, haka ake yi, shi ma haka aka yi masa. Da na ga zan zare, sai na roƙi Allah a sujada, na ce ya cire mini kai daga raina." Ta lashi leɓe. "Ya kuwa amsa."

Ta ja numfashi, ta ci gaba.

"Da ka dawo da akwatinka na kwano, na leƙa ta labule. Na ga yaro mai ladabi, da maganar mutanen Auna a bakinsa, da tafiyar Ruka. Na ce bari in jira, abin zai dawo. Wallahi na jira. In kana cin abinci in dube ka, in ce yau zan ji wani abu. Har ka yi aure ina jira."

"Bai dawo ba?"

"Bai dawo ba."

"Kunyar fa, Adda?"

"Da fari kunya ce. Daga baya ta zame mini mayafi. Kowa yana yabona, wai Adda ta iya alkunya. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke ƙarƙashi, sai kai yau." Ta yi ɗan tari. "Kada ka ce na ƙi ka. Ban taɓa yi maka mugun fata ba. Ina sa ka a addu'a tare da sauran Musulmi."

Ya ji maganar nan ta ƙarshe ta fi duk sauran ciwo. Amma malami ne, ya saba ceto hujjar da ta faɗi, sai ya kai hannu ya kamo abin da ya rage.

"Amma kin yi kuka. Da bakinki kika ce kin yi kuka."

"Na yi. Jaririn na yi wa. Shi na sani."

Ruwa ya ci gaba da zuba. Wani wuri a kusurwar rufin yana yoyo cikin tasa. Adda ta yamutsa fuska, ta kai hannu ƙugunta. Khalilu ya miƙe da sauri, ya durƙusa kusa da katifar zai gyara mata kwanciya.

"Bari," ta ce. "Bari Haliru ya zo, shi ya san inda ke ciwo."

Ya janye hannunsa. Ya rasa inda zai ajiye shi, ya cusa a aljihu.

"In da laifi a ciki ka yafe mini."

"Na yafe, Adda."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka." Ta lumshe ido, ta mayar da fuskarta bango, da alamar wadda ta sauke kaya.

Ya koma dokin ƙofa ya zauna. Haushi ya cika shi har wuya, ya rasa wanda zai ɗora wa. Ya ji haushin ubansa, da yake kwance a maƙabarta bai san ana yi ba. Ya ji haushin Filibus da gyaɗarsa. Ya ji haushin Bajamushen nan, wanda ya ce ba a leƙa bayan katanga amma bai ce kada a gwada ba. Wanda ya fi jin haushi shi ne kansa. Da bai tambaya ba, da za ta mutu ya ci gaba da zama da shirunta, yana zuba duk abin da yake so a ciki har tasa ta zo. Ba wanda ya aike shi. Ya so ya ce wa kansa ciwo ne ke magana, hanta in ta lalace tana taɓa hankali. Amma ya ga idonta, hankalinta ya fi nasa zama wuri ɗaya.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba aka ji ƙarar babur a zaure, sai muryar Gwaggo Ruka ta cika gidan.

"Khalilu! Ina Khalilu? Kai, wannan ƙanen naka zai kashe ni a kwata! Khalilu, fito ka karɓi kifin nan kafin ya jiƙe!"

Ta faɗo ɗakin sharkaf, ta dafa kansa, ta ce ya rame, ta tambaya ko matarsa ta daina girki ne. Sannan ta durƙusa gaban katifa tana salati. Adda ta buɗe ido ta amsa gaisuwarta, suka taɓa hannu.

"Haliru," ta ce, "zo ka juya ni. Kuma a ba Malamin Ruka tabarma, ƙasan nan da sanyi."

Haliru ya miƙo masa tabarma. Ya karɓa ya ce ya gode.

Bai fasa zuwa ba. Kullum yana kawo lemo da madara, yana zama a inda ya saba, ana ce masa an gode ta bakin Haliru. Abin da ya daina shi ne kallon fuskarta. Ita ma ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake kiran sunan ba. Kafin mako ya zagayo, da hantsi, tana jingine a ƙirjin Haliru yana ba ta ruwa a cokali, rai ya yi halinsa. Khalilu yana aji lokacin. Aka zo aka kira shi daga bakin allo.

Shi ne babba, shi ya tsaya a kan komai. Shi ya yanko likkafani, shi ya kama makara ta gaba, shi ya shiga kabari tare da Haliru suka karɓe ta. Haliru yana kuka kamar yaro har sai da aka riƙe shi. Khalilu idonsa a bushe, mutane suka ce dauriyar malamai ce.

Ranar sadakar uku gidan ya cika. Maza a zaure da ƙofar gida, mata a tsakar gida ana rabon gumba. Aka ce tsofaffin unguwa suna son yi wa babban ɗa ta'aziyya, ya shiga ciki ya tsuguna a gabansu, kansa a ƙasa. Suka yi addu'a, suka shafa, sannan suka shiga yabon mamaciya.

"Irin su Adda sun ƙare," in ji wata mai carbi. "Matan yanzu har goya ɗan fari suke su shiga kasuwa da shi, suna kiran sunansa gatsal."

"Ni shekara nawa muna katanga ɗaya," wata ta karɓa, "ban taɓa jin ta yi kuskuren sunan yaron nan ba. Ko da ciwo ya yi tsanani, mutum yana sambatu, ita bakinta bai zame ba."

"Allahu akbar. Ai so in ya yi yawa haka yake."

Khalilu ya ce amin a inda ake cewa amin. Da suka sallame shi ya miƙe zai koma zaure, sai Gwaggo Ruka ta kamo hannun rigarsa ta ja shi bayan rumbu, inda ba jama'a. Idanunta sun kumbura. Ta sa gefen mayafinta ta goge masa wani abu a kumatu, kamar har yanzu ɗan firamare ne.

"Na ga tun ranar ba ka yi kuka ba, kuma ba ka cin abinci. Khalilu, kada ka sa wa ranka komai. Uwarka ta so ka, ta fi son ka a kan duk abin da ta mallaka. Ni na sani."

Ya ɗago ya dube ta. Wani abu ya motsa a ƙirjinsa, duk da abin da ya ji da kunnensa. Wataƙila akwai wata magana da aka yi tsakanin mata, wata rana da shi bai sani ba.

"Ta taɓa gaya miki ne, Gwaggo?"

"Kai, ana faɗa ne? Ai gani ake yi. Ka tuna Na'inna da ɗanta? To kamar yadda Na'inna take, haka uwarka take. Duk wadda ka ga ta kame bakinta haka, cikinta wuta ce. Ita dai Allah bai kawo ranar da za ka gani ba."

Ta tsaya tana kallonsa, tana jiran ya ji sanyi. Daga zaure wani ya ɗaga murya yana cewa mutanen Bangi sun iso, ina babban ɗa.

"Haka ne, Gwaggo," in ji Khalilu.

Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali, ya tafi karɓar gaisuwa.